Hawa na Huɗu a Utaiƙa

"Ku ajiye ni nan, in sha iska," in ji Baba Bashari.

Ni da Uwais, maƙwabcinmu injiniya, muka sauke kujerar robar da muke ɗauke da shi a kai, a kwanar hawa na biyu. Daga wankin ƙoda na ɗauko shi a tasina, gidansa kuma yana hawa na huɗu, ƙofa da ƙofa da nawa. Lif ya mutu tun bayan ƙaramar salla.

Tsoho ne ɗan Gumel, direban babbar motar kayan lambu a kasuwar Utaiƙa, nan ƙasar Larabawa, tun ina goye. Da ciwo ya kwantar da shi, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ji ƙansa ya bar masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Shi da matarsa Inna Huseina kaɗai ne a gidan.

Gininmu shagunan dabino ne a ƙasa, gidaje a sama. Mai ginin yana son ya mai da saman ofisoshi. Ofishin unguwa ya ce titin na kasuwanci ne, yana iya yi. Hukumar da ke sama da su ta ce birni na fama da ƙarancin gidaje, ba za a tashi masu haya ba. Kowanne ya kafe a kan tasa. Shi kuwa mai gini ya gano ba sai ya kore mu ba, ya isa ya daina gyara komai.

Ranar nan na tare shi a gaban shagunan, yana cikin motarsa da sanyin na'ura.

"Ya shaikh, lif fa? Muna da mara lafiya."

"Bukra, in sha Allah, ya Kamil."

"Goben nan taka ba ta wayewa ne?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Su can su fara gaya mini ginin nan gida ne ko ofis. In gyara wa wa?"

Na je ofishin unguwa, suka ce ginin kasuwanci ba su da hurumin ƙorafin mazauna a cikinsa. Na je hukumar da ke sama da su, suka ce zamanmu halal ne, amma lif aikin unguwa ne. Na fito ina huci. A bakinsu duka muna da gaskiya, kuma ba wanda zai taka matakala ɗaya dominmu.

Baba ya fara tsallake ranakun asibiti. Na gano ne daga kumburin ƙafarsa.

"Baba, me ya sa ba ka buga mini ba?"

"Kana neman abincinka, ɗana. Kullum a ɗauki ƙato a kujera kamar buhun albasa? Ina jin nishinku."

"Mun yi kuka da kai?"

"Ba ku yi ba. Ni ne nake jin kunya."

Wata Talata da hantsi ina unguwar Dira da fasinja, Inna Huseina ta kira. Numfashin Baba ya sarƙe, ya ƙi jiran kowa, ya ce zai sauka da ƙafarsa. Na iske shi zaune a matakala, kansa jingine da bango, hularsa a cinyarta. Masu motar asibiti sun iso, amma gadonsu ya ƙi juyawa a kwanar, don an cika ta da kwalayen dabino. Kafin a kwashe, rai ya yi halinsa.

Bayan la'asar aka yi masa salla. A wajen gaisuwa mai gini ya zo, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa Allah ya ƙara mana lada. Uwais ne ya matse mini gwiwar hannu, ban da haka da na faɗi abin da ba a faɗa a gidan rasuwa.

Iƙamar Inna a kan ta Baba take, don haka sai komawa gida Gumel. Har ta tafi ofisoshin nan ba su gama ja-in-jarsu ba, amma mai gini bai jira ba. Ranar da zan kai ta filin jirgi, muna loda jakunkuna, ma'aikata suna ɗaga allon wani kamfani da igiya zuwa barandarta.

"Tsaya, Kamil," ta ce. "Na manta shanya."

Muka ɗaga kai. Farar jallabiyar Baba ce a kan igiya, ta bushe ƙayau. Allon ya hau a hankali har ya rufe ta, hannu ɗaya kawai ya rage yana leƙowa ta gefe.