Jar Alama a Kan Gidan Mai Gawayi

Da bakin lemarta Mai Gawayi ta tura ƙofar gilashin wani ofishi, don ba ta ga wurin kamawa ba. Samari da 'yan mata ne zube a gaban kwamfutoci, kowa ya toshe kunne, ko mai amsa sallama babu.

"Wane ne babba a nan?"

Wata budurwa ta miƙe. "Sannu Mama, ya san da zuwanki?"

"Yanzu zai sani. Kira min mai motocin nan da ake kira da waya."

Wani saurayi mai tabarau ya fito yana murmushi, ko ɗan autanta bai kai ba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne? To ni gawayi nake sayarwa. Me na yi maka motocinka suke sauke min mata masu naƙuda a ƙofa? Ta farko na ce ɓatan hanya ne. Ta biyu na kori direban da tsintsiya. Jiya kuwa 'yar mutane ta haihu a tsakar gidana, a kan buhu. Surukata ce ta yanke cibi da reza. Jaririn nan sai da muka fid da rai kafin ya yi kuka."

Murmushin ya ɗauke. Ɗaya bayan ɗaya yaran suka zare abin kunnensu.

"Innalillahi. Mama, mene ne lambar gidan?"

"Na yi maka kama da mai karatu?" Ta kwance bakin zani ta dire masa farantin ƙarfe mai lambar gidan da ma'aikatan gwamnati suka kafa mata a ƙofa. Da wuƙa ta ɓamɓaro shi da safe, har da ƙusa ɗaya a jiki.

Ya danna lambar. A babban allon da ke bango unguwarta ta bayyana daga sama, kamar tsuntsu ne ya leƙo. Ta gane mangwaronta, ta gane baƙin wurin da take jibge buhuna. A kan rufin ɗakinta an ɗora wata jar alama.

"Wannan jan fa?"

"Asibitin haihuwa."

"Asibitin yana bayan gidan mai, tsallaken titi! Makaho ne ya yi muku aikin?"

"Mama, ba mu muka zana ba. Taswirar gwamnati ce, ta buɗe wa kowa kyauta. Mu biyu muka fara a garejin babana. Ina muka ga ƙarfin bin gida-gida muna ɗaukar lamba? Da ita muka tashi, duk waɗannan da kike gani ita ta ba su aiki."

"Allah ya ƙara arziki. Goge."

"Na motocinmu zan sa a gyara kafin yamma. Amma alamar kanta, sai mun kai ƙorafi sun turo mai dubawa."

"To ku gyara naku, shi ke nan."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ba mu kaɗai ba ne, Mama. Masu kai magani, masu kai saƙo, sauran masu motoci, har motar ɗaukar marasa lafiya, kowa daga nan yake ɗiba."

Mai Gawayi kuwa ta zo ne da shirin faɗa da mutum ɗaya, ta yi masa tas ta koma ta buɗe shago. Ba ta san lokacin da ta zauna a kujerar da ke kusa da ita ba. Ta zuba wa jar alamar ido.

"Kana nufin duk mai ciki a garin nan, in abin ya taso, gidana za a nufa da ita?"



Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Surukarta ce, muryarta har teburin ƙarshe ana ji. "Inna, ga wata an kawo!"

"Kar ki bari ta sauko! Shiga motar ki nuna wa direban bayan gidan mai. Bar girkin ya ƙone, shiga!"

Ta kashe, ta miƙe, ta damƙi wuyan hannun mai tabarau. Gawayi ya ɓata masa farar riga.

"Ɗauki kujerarka. A ƙofata za ka zauna, duk motar da ta tsaya ka juya ta, har gwamnatin taka ta farka. Ka ci daɗin taswira, zo ka ɗanɗani ɗacinta."

Budurwar ta yunƙura za ta yi magana, ya girgiza mata kai. Ya ɗauki kujerar roba da kwamfutarsa ya bi ta.

A bakin titi ya fito da waya zai kira mota, sai ya tsaya.

"Mama, na baro farantin a ciki. Wace unguwa zan sa?"

Ta buɗe lemarta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Sa asibitin haihuwa. Har ƙofa zai kai mu."