Kumatun Nicholas

Har yau in na ji ƙarnin man shanu sai raina ya ɓaci. Ɗana Nicholas yana wata uku na gwada masa madarar gwangwani, jikinsa ya feso da ƙuraje, leɓensa ya kumbura. Nas ta ja mini kunne: duk abin da aka yi da nonon saniya kada ya sha, kada ma ya taɓa fatarsa. Na faɗa wa mijina Rufus, na faɗa wa uwarsa da ta zo mana Kafanchan daga Kwoi.

"Nas ɗin ta haifi nawa?" in ji Mama. "Duk yarana da man shanu na shafa su, ba wanda ya mutu."

A gidansu, ranar miƙa jariri a coci kaka ce ke yi masa wanka, ta shafe shi har ya yi ƙyalli. Na ajiye mata man kaɗe, na tafi duba shinkafar baƙi. Rufus na cikin ɗakin yana goge takalmi.

A ƙofar coci aka jeru don hoto, yaron na hannun Mama. Fuskarsa ta cika, idanunsa sun shige ciki. Matan zumunta kuwa sai murna: "Kai, yaro ya yi kumatu! Mama, hannunka na da albarka." Ni numfashinsa na ji, yana fita da ƙyar. Na sunsuna wuyansa, na ji ƙarnin man shanu, na fizge shi, na yar da takalmana, sai asibiti.

Da Allah ya tashi kafaɗarsa, na tambayi Rufus ko ya ga lokacin da Mama ta shafa masa.

"Na gani," ya ce. "To, zan kunyata uwata a gaban mutane?"

Waɗanne mutane? Daga shi sai ita sai jaririn da ba ya magana.

Da Kirsimeti muka je Kwoi, na tarar da hoton a bangon falo. Mama tana nuna wa baƙi, tana cewa su ga aikin man shanu. Rufus yana murmushi.

Na hau kujera na sauke shi.

"Wannan ba ƙiba ba ce," na ce musu. "Ɗana ne yana neman numfashi, dukanku kuna dariya."