Abincin Shagon Aski

Ni ce na nace a kan mu fita da Baba cin abinci ranar Asabar. Yaya ya so a yi oda ta waya a kawo gida, kamar yadda yake yi wa komai a rayuwarsa. Da ana iya yin odar gaisuwa ta waya, da tuni mai mashin ke zuwa gaishe da mahaifinmu. Na ce masa mutum ba kujera ba ne da za a ajiye a falo. Tun da mantuwa ta kama Baba duniyarsa ta koma ɗaki da baranda da banɗaki, kuma abin yana ci mini rai.

Gidan abincin da muka je ƙarami ne, a bakin babban titin da ya ratsa unguwarmu ya fita bayan gari. Yana tsakanin kantin magani da wurin wankin mota. A ciki akwai tebura masu shimfiɗar leda, fanka mai ƙara, firjin lemo, da doguwar kanta inda ake ajiye abincin da za a kai wa masu oda. Matar da ke da wurin kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka haife ta. Muryarta kuwa ba ta buƙatar lasifika.

Baba ya zauna ya gyara cokali da cokali mai yatsu, ya ɗaga kofi ya duba shi a haske, ya ɗan taɓe baki. Rayuwarsa duka a gidajen abinci ya yi ta, yana sabis, yana kai faranti tebur, da wannan aikin ya ciyar da mu ya sa mu makaranta. Yanzu yakan manta ko ya karya kumallo, amma kofi mai tabon ruwa ba ya wuce masa.

"Wannan ba a goge shi ba," ya ce.

"Baba, ci za mu yi, ba duba-gari muka zo ba," in ji Yaya.

Baba ya yi dariya, ni ma na yi. Aka kawo shinkafa da kaza, ya ci fiye da yadda yake ci a gida, har na fara shirya baƙar maganar da zan gaya wa Yaya a mota. Sai wayar Yaya ta yi ƙara, ya tashi ya koma can kusa da firji ya toshe kunne ɗaya. Ni kuma miya ta ɗiga mini a hannun riga. Na ce wa Yaya da hannu ya kula da Baba, ya gyaɗa kai irin na wanda bai ga komai ba, na shiga wurin wanke hannu.

Ina can ina murza hannun riga na ji an buga ƙararrawar kanta, na ji Anti ta ɗaga murya: "Na shagon askin tsallake ya fito, a kai shi da zafinsa." Ban kawo komai a raina ba. Na ma tsaya gyara ɗankwali.

Da na fito, kujerar Baba babu kowa. An tura ta ƙarƙashin tebur tsaf, an haɗa cokulansa a gefen faranti.

"Yaya, ina Baba?"

Ya juyo da waya a kunne. "Ba tare kuka shiga ba?"

"Banɗakin mata zan kai shi?"

Na leƙa banɗakin maza ba tare da ko sallama ba, na leƙa kicin, masu girki suka bi ni da kallo. Na duba bayan firji, kamar dattijo mai tsayin Baba zai ɓuya a can. Tsoro na sa mutum wauta. Na tambayi wasu mata biyu da ke tebur na kusa, ɗaya ta ce ta ga wani tsoho ya wuce, amma ta ɗauka ma'aikaci ne.

"Me ya sa kika ɗauka ma'aikaci ne?"

"Ai abinci ne a hannunsa."

A daidai lokacin mai mashin ɗin da ke kai wa Anti oda ya shigo yana cire hular kwano, ya dubi kanta ya ce, "Anti, ina na masu askin?"

"Ba kai ka ɗauka ba?"

"Yanzu na dawo."

Ni da Yaya muka dubi juna. A gida, idan Baba ya rikice ya fara zagaye yana neman takalmi zai tafi aiki, dabararmu ita ce mu ɗora kofi a tire mu ce ya kai wa wani a ɗaki. Nan take yake natsuwa. Mu da kanmu muka koya masa cewa har yanzu idan abinci ya fito, shi ake jira. Anti ta buga ƙararrawa, ta faɗi inda za a kai, babu wanda ya tashi, shi kuwa bai taɓa barin abinci ya huce a kanta ba.

Shagon askin yana ɗaya gefen titi. Titin nan hannu biyu ne, kowane hannu layi-layi, kuma nan ne direbobi ke sakin mota don sun fita daga cunkoson gari. Tireloli da tifofin yashi ba sa ɗaga ƙafa. Gadar masu tafiya a ƙafa tana can nesa, wajen gidan mai. Ni da ƙafafuna lafiya ban taɓa tsallaka shi a nan ba.

Muka fita a guje. Rana ta dalle mini ido, na kasa ganin komai sai ƙarfe yana wucewa. Abin da na fara dubawa, Allah ya yafe mini, shi ne kwalta. Ina neman farar riga a ƙasa, ina neman takalmi ɗaya. Na dafa kafaɗar Anti, wadda ta biyo mu.

"Ga shi can," in ji mai mashin, a hankali.

Baba yana tsaye a kan siririn dakalin da ya raba titin biyu. Yadda ya tsallake rabin farko, har yau ban sani ba, kuma ba na son na sani. Dakalin bai fi faɗin tafin ƙafarsa ba. Ya ba mu baya, ledar abincin na zaune a kan tafin hannunsa na hagu, ya ɗaga ta daidai kafaɗa, hannun dama a bayansa. Duk motar da ta wuce sai iskarta ta kaɗa masa riga. Wata tirela ta shige tsakaninmu, doguwa kamar ba za ta ƙare ba, na daina numfashi har ta wuce na ga yana nan.

Yaya ya cika ƙirji da iska zai ƙwala kira. Na kai hannu na toshe masa baki, abin da ban taɓa yi wa yayana ba.

"Kada ka kira shi."

Ya fizge. "Kin haukace? Zai faɗa wancan gefen."

"In ka kira shi juyowa zai yi ya taho. Ka san shi. Ba ya duba komai in an kira shi."

Yaya ya fasa kiran, don ya sani. Ko daga barci ka kira Baba, kafin ka rufe baki ya miƙe yana cewa ga shi nan. In mun yi shiru zai ci gaba ya shiga motocin can, in mun yi magana zai dawo ya shiga na nan. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Mai mashin ya ce zai tura mashin ɗinsa ya tare layin farko. Anti ta cire atamfar da ta ɗaura a ƙugu ta fara kaɗa wa motoci. Wasu suka rage gudu, wasu suka danna hon suna zagi. Hon ɗin ne ya jawo abin da nake gudu, domin Baba ya waiwayo.

Ya gan mu, taron mutane a ƙofar gidan abinci suna kaɗa hannu da zane. Na ga fuskarsa ta canza, irin ta wanda ya gane ana nemansa. Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya a kan wannan ɗan dakali, ya sauke ƙafa ɗaya kan kwalta. Wata farar bas tana tahowa a layin da ke gabansa.

Ban yi tunani ba. Na shiga gaban kowa, na ɗaga tafin hannuna ɗaya, a buɗe, daidai fuskata, na ɗan sunkuyar da kai. Haka mai cin abinci ke yi wa sabis idan bai shirya ba, yana nufin dakata tukuna, zan neme ka. Muna yara Baba ya sha kwaikwaya mana shi yana ba mu dariya, yana cewa duk sabis ɗin da ya matso bayan an ɗaga masa hannu bai san aikinsa ba.

Baba ya tsaya. Ya mayar da ƙafarsa kan dakalin, ya miƙe ƙyam, ya kafe ni da ido yana jira. Bas ɗin ta wuce ta inda ƙafarsa take.

"Kada ki sauke hannun nan," in ji Yaya.

Ban sauke ba. Mai mashin ya tura mashin ɗinsa ya gindaya a layin farko, Yaya ya shiga na biyu da hannuwa a sama, Yayan da ko ƙofar gida ba ya son fita. Wata tifa ta ja birki har ƙaurin taya ya tashi. Na bi ta tsakaninsu, hannu a ɗage, idona cikin na Baba, ina addu'ar kada wani abu ya ɗauke masa hankali. Ƙafata ɗaya ta fita daga takalmi, na bar shi a nan.

Da na hau dakalin na cafke hannun rigarsa da ƙarfi. Na so na yi masa faɗa, na so na rungume shi, na kasa ko ɗaya, sai haki nake yi. Zufa ta jiƙa masa wuya, amma ledar ko karkacewa ba ta yi ba.

Ya dubi hannuna a kan rigarsa, ya dube ni, ya ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe, ke ce mai abincin?"

Baba ya sha kasa gane Yaya, ya sha kiran jikokinsa da sunayen mutanen da suka rasu. Ni dai bai taɓa kasa gane ni ba. Na tsaya ina kallonsa ko zai gyara, motoci na ta hon, Yaya na kirana daga tsakiyar titi. Baba yana murmushinsa na aiki, mai ladabi, yana jiran amsa.

"Ni ce," na ce.

Ya sauke ledar ya miƙo mini da hannu biyu. "A yi haƙuri, an ɗan jima. Hanyar ce babu kyau."

"Ba komai. Don Allah ka raka ni can, ina tsoron titin."

"Ai dole," ya ce. Ya ba ni gwiwar hannunsa na riƙe, ya ɗaga ɗaya hannun yana tsayar da motocin da tuni suka tsaya. Muna tafe yana tambayata ko yau na fara zuwa gidan abincin nan, don shi dai bai taɓa ganina ba.