Korbina Babu Shaida

Delfor Arrieta ya sa kafaɗa ƙarƙashin kwale-kwalen, ya janyo shi daga saman mota, sai gindin ya kufce ya daki ƙasa, tim. Bai waiga ba, don ya san an gani. Kayak, wato siririn kwale-kwalen roba, mai kilo talatin da biyar ba kayan mutum ɗaya ba ne, balle mutumin da ya ba sittin baya. Amma shekara biyu ke nan yana sauke nasa shi kaɗai, kuma har yau bai gwane ba.

"Mai Sanƙo, a hankali, kada ka fasa mana kwalta!" wani ya ɗaga murya daga cikin masu layi.

Ya ɗaga hannu alamar ya ji, ya ɗora kwale-kwalen a kan 'yan tayoyinsa, ya ja shi zuwa rairayi. Safiya ce ta Oktoba a garin Santa Clara, ranar gasar kamun kifi, rana ta fito amma ba ta da wani ƙarfi. Kwale-kwale sun fi tamanin a jere a bakin teku, ja da rawaya da shuɗi, kowa yana ɗaure sandunan fatsa, ana ta ƙaryar kifin bara.

A ƙarƙashin rumfa, Mirta, sakatariyar ƙungiyar masunta, ta miƙo masa kati a cikin leda.

"Lamba arba'in da ɗaya. Nuna mini rigar ceto. Usur fa?"

Ya zaro shi daga wuya ya nuna mata.

"To, ka san sauran. Ka kama kifi, ka ɗora a allon awo, ka busa sau ɗaya, wanda ya fi kusa da kai ya zo ya gani ya sa hannu, ka mayar da kifi ruwa da ransa. Babu sa hannu, babu kifi, ko da girman firij ne. Busa uku kuwa, wannan na rai ne, kowa ya yar da abin da yake yi."

"Mirta, shekara goma sha shida ina shiga gasar nan."

"Shi ya sa nake maimaita maka." Ta rage murya, tana gyara takardu kamar ba da shi take ba. "Ka ji Anselmo zai tashi? Ranar Alhamis. 'Yarsa ta ce ba za ta ƙara barinsa shi kaɗai da ciwon zuciyar nan ba, garin Córdoba za ta tafi da shi, can nesa da teku. Yau ce shigarsa ruwa ta ƙarshe."

"Allah Ya kiyaye hanya," in ji Delfor, ya cusa katin a aljihun riga.

Can gefe ga Anselmo Bruzzone kuwa, zaune a kan akwatin ƙanƙara, fulas a hammata, yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasarsu, yana miƙa wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya rame. Delfor ya zaga ta bayan rumfa don kada ya bi ta gabansu, ya tsuguna kusa da kwale-kwalensa, ya haɗa nasa mate, ya sha shi kaɗai yana kallon ruwa. Tun rasuwar matarsa gidansa ba ya jin muryar kowa sai ta rediyo, ya kuma saba. Gabar da ke tsakaninsa da Anselmo ce dai ya kasa sabawa da ita.

Shekara goma sha huɗu suka yi suna shiga teku tare. Delfor direban bas ne da ya yi ritaya, Anselmo mai gidan burodi, babu abin da ya haɗa su sai kifi, kuma ya ishe su. Sai gasar shekaru biyu da suka wuce. Igiyar angar Anselmo, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi a ruwa, ta naɗe a gefen kwale-kwalensa, taguwar ruwa ta kife shi cikin ruwan da ke yanka ƙashi. Ya busa uku. Delfor yana nesa da shi da abin da bai wuce taku ɗari ba, sandarsa a lanƙwashe, babban kifi na ja. Ya ji busar sarai. Ya ce a ransa, minti ɗaya, bari in ɗago shi tukuna. Minti ɗayan ya zama goma. Jirgin roba na masu ceto ne ya tsamo Anselmo, leɓɓansa sun yi shuɗi. Shi kuma kifin ya tsinke zare ya tafi abinsa.

A asibiti Delfor ya tsaya a bakin gado ya ce, "Ban ji ba, Tsoho. Iska ce." Anselmo ya dube shi, ya dube shi, sannan ya juya fuska bango. Babu zagi, babu faɗa. Ƙarya guda ɗaya ce kawai, kuma tun ranar ba su ƙara gaisawa ba.

Jiniya ta yi ƙara ƙarfe takwas daidai. Delfor ya shiga ruwa har gwiwa, ya jira manyan taguwoyi suka fashe, ya yi tsalle ya zauna, ya sa filafili da duk ƙarfinsa. Ruwa ya mare shi a ƙirji, sanyi ya ratsa har haƙori. Da ya tsallake inda taguwa ke fashewa, teku ta kwanta, sai ɗagawa da saukewa a hankali.

Jama'a duk suka yi arewa, suna bin 'yar na'urarsu mai nuna kifi a gilashi. Shi ya yi kudu. Ya yi ta tuƙi har tankin ruwan gari ya daidaita da jan rufin tsohon otal, sannan ya saki anga ta goshi. A ƙarƙashin nan akwai duwatsu, kuma mutum biyu ne kawai suka san da su. Ya sa wa ƙugiya jatan lande, ya jefa, ya zauna.

Bai yi rabin awa ba ya ji ƙarar filafili a bayansa. Koren kwale-kwale ne, wanda rana ta cinye wa launi. Anselmo ya wuce shi ba tare da ya juyo ba, ya je can gaba kaɗan ya saki tasa angar. To, ina kuma zai je? Shi ma duwatsunsa ne.

Haka suka zauna, tsofaffi biyu a tsakiyar teku, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Awa ɗaya, awa biyu. Delfor ya ciro ƙananan kifaye uku da ba su isa awo ba, ya mayar. Ya ci rabin burodinsa da cuku. Sau da yawa ya shirya magana a baki, ya ga ba ta da kai ba ta da gindi. Me zai ce? Sannu da ruwa? Kaɗaici ya taɓa kama shi a gida, a coci, har a cikin bas cike da mutane, amma bai taɓa jin irin na yau ba, ga mutum a kusa, yana ma jin tarinsa.

Wajen sha ɗaya da rabi kan sandar ya yi rawa sau biyu, sannan ya nutse.

"Kai!"

Ya cafke ta. Zare ya fara fita da kuka. Wannan ba ƙaramin kifi ba ne, nauyi ne kawai ke tafiya a ƙasa, a hankali, kamar an ɗaura masa buhun siminti mai rai. Kwale-kwalen ya juya a kan igiyar anga. Delfor ya buɗe ƙafafu ya zuba su cikin ruwa don kada ya kife, ya ja, ya naɗe, kifin ya ƙwace, ya sake ja. Kafaɗar da ya sauke kaya da ita ta fara zogi. Ya manta da sanyi, ya manta da Córdoba, yana ta yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa: zo mana, kaka, zo mu gaisa, ba cinye ka zan yi ba.

Bayan kusan minti ashirin ya taso. Baƙar korbina ce, irin babban kifin teku mai gemu, faɗin bayanta ya kai tafi biyu. Ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo ta kan cinyarsa da ƙyar, ya zare ƙugiya, ya shimfiɗa ta a allon awo. Jelar ta wuce ƙarshen allon. Santimita ɗari da wani abu. A shekara goma sha shida bai taɓa ganin an ci gasar nan da abin da ya kai casa'in ba. Daga cikin cikinta yana jin gurnanin da irin wannan kifi ke yi, dum, dum, yana ratsa robar kwale-kwalen har cikin ƙashinsa.

Ya laluba wuya, ya sa usur a baki.

Ya duba arewa. Sauran sun zama ɗigo-ɗigo, ko ya busa har huhunsa ya fashe ba mai ji. Jirgin masu ceto ma yana can wurinsu. Mutum ɗaya ne zai ji. Busa ɗaya kawai, doka ta tilasta wa Anselmo ya ɗaga anga, ya bar fatsarsa, ya zo ya sa masa hannu. Kuma zai zo, Delfor bai yi shakka ba. Abin da ya hana shi busawa ke nan. Da wane baki zai busa wa mutumin nan usur, kuma a kan kifi?

Korbinar ta buɗe baki, ta rufe. Launinta ya fara dusashewa. Kifi ba ya jiran mutum ya gama shawara da zuciyarsa.

Ya tofar da usur ɗin. Ya rungumi kifin ya sauke shi ruwa, ya riƙe jelar yana kai shi gaba yana dawo da shi baya har ya ji ƙarfi ya dawo masa. Ya buɗe hannu. Korbinar ta yi jim, sannan ta kaɗa jela sau ɗaya ta nutse. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa mai yauƙi, kuma gaskiya kuka ne ya zo masa, ya haɗiye.

"Ina kifin?"

Ya ɗago a firgice. Koren kwale-kwalen yana daf da shi. Igiyar anga a naɗe take a goshi, sandunan duk an ɗaure su. Anselmo yana haki, biro a hannunsa.

"Na sake shi."

"Ka sake shi." Anselmo ya dubi ruwa, ya dubi allon awo. "Tun da na ga sandarka ta lanƙwashe na ɗaga anga. Minti ashirin ina shawagi kamar wawa ina jiran ka busa. Kai wane irin jaki ne, Mai Sanƙo?"

"Ban iya ba."

"Busa usur ne ba ka iya ba?"

Taguwa ta ɗaga su tare, ta sauke. Delfor ya riƙe gefen koren kwale-kwalen don kada ruwa ya raba su.

"Na ji ka ran nan, Tsoho. Sau uku. Na ji, na tsaya wa kifi."

Anselmo ya mayar da biron aljihu, ya ja zif a hankali.

"Na sani. Iska daga wurina take zuwa wurinka, yaro ma ya san haka. Ina cikin ruwa ina kallon bayanka." Ya share hanci da bayan hannu. "Tsayawar ba ta ƙona ni ba kamar yadda kake zato. Wa ya sani, da ni ne da kifi a sanda, wataƙila ni ma in ce minti ɗaya. Amma ka zo har gadon asibiti ka mai da ni sakarai. Shekara biyu ina buɗe gidan burodi ina cewa yau zai shigo ya faɗa. Kai kuwa ka koma sayen burodin babban kanti, wannan mai kama da soso."

"Ba shi da daɗi ko kaɗan."

"Allah Ya ƙara."

Dariya ta kufce wa Delfor, wata iri, rabinta ba dariya ba ce. Ya ce, "Ka yafe mini."

"Na yafe tun tuni, kai ne ba ka zo karɓa ba." Anselmo ya dubi gari, can nesa. "Sai da ka bari an ɗaure kaya a kwali. Kwale-kwalen nan ma na sayar wa likitan haƙori, gobe zai zo ɗauka. Korbinar fa, tsawo nawa ta kai?"

"Ta wuce allo."

"Ash! Kuma babu wanda zai yarda da kai."

"Kai ka gani ai."

"Daga nesa na gani. Ba na sa hannu a kan abin da ban auna ba, ka san halina."

Jiniyar tashi ta iso su sama-sama a kan iska. Delfor ya ɗaga anga, suka juya goshi zuwa gari. Anselmo yana tuƙi yana hutawa, Delfor yana rage hannu don kada ya wuce shi, yana yi kamar kafaɗa ce ke damunsa.

A bayan inda taguwa ke fashewa suka tsaya. Iska ta tashi, teku ta ƙara girma, kuma fita ta fi shiga haɗari: mai fita ba ya ganin abin da ke tasowa a bayansa, sai wani ya tsaya ya duba masa, ya gaya masa lokacin tafiya.

"Wuce gaba," in ji Anselmo.

"A'a. Kai ka wuce, ni zan duba maka."

Anselmo ya gyara zama, ya ba shi baya. Delfor ya juya yana ƙirga taguwoyi. Babba ta wuce, ta biyu, ta uku wadda ta fi su duka. Bayanta ruwa ya kwanta.

"Yanzu, Tsoho! Tuƙa! Tuƙa, kada ka waiga!"

Bai waiga ba. Koren kwale-kwalen ya hau bayan ƙaramar taguwa, ya miƙe sak har rairayi. Mutane suka rugo cikin ruwa suka kama shi, suka ɗaga Anselmo ta hammata, wani ya yafa masa tawul, ana tafi ana kiran sunansa. Delfor ya bi shi da ido har taron ya rufe shi.

Sannan ya gyara riƙon filafili, ya leƙa ta kan kafaɗarsa, ya fara ƙirga wa kansa.