Kumburin da ke Bugawa

Yayana Mai Nasara baduku ne a Birnin Zinder, mai taurin kai irin na gidanmu. Da ciwon ƙirji ya kayar da shi, muka kai shi Yamai. Likitoci suka huda jijiyar jini a gindin cinyarsa, suka zura siririyar roba har zuciya, suka buɗe hanyar da ta toshe. Aka sallame shi da ƙwayoyin tsinka jini, muka dawo gida yana tsokanar direba.

Kwana biyar da dawowarmu, wurin hudar ya kumbura kamar ƙwan zabo, ya yi baƙi, yana bugawa. Bai gaya mini ba, don ya san zan ja shi wajen likita. Matarsa Hajjo kaɗai ya nuna wa, ita kuwa ta aika a kira Ɗanƙarami wanzami, abokinsa tun suna yara.

Ɗanƙarami ya taɓa wurin ya ce, "Mataccen jini ne ya taru. Ƙaho ɗaya ya ishe shi."

Shekara arba'in yana fitar da mataccen jini daga bayan mutane, bai taɓa kashe kowa ba. Ina zai san hudar ce ba ta rufe ba? Ya yi tsaga uku. A ta ukun jini ya yi tsartuwa har bango.

Ihun Hajjo ne ya kawo ni. Na tarar da wanzamin ya danne wurin da hannu biyu, a haka ya riƙe har cikin mota, har ƙofar likita. Yayana ya cika kafin la'asar.

Wallahi na tsani mutumin nan a ranar. Da ya zo zaman makoki bai hau tabarma ba, ya tsuguna a rana can gefen bango. Na miƙe zan kore shi, sai ga Hajjo a bakin zaure cikin mayafin takaba, ita da bai kamata a gan ta a waje ba.

"Suma'ila, ƙyale shi," ta ce. "Ni na kira shi. In kora ce, fara da ni."

Ta juya wajen wanzamin. "Malam, shigo inuwa. Ni da kai ne kaɗai muka san yadda abin nan yake."