Wankin Kayan Ɗalhatu

Hajiya Wasila ba ta taɓa riƙe sigari ba, ko warin shisha ba ta so. Saboda haka da likita ya ce ciwon daji ne ya kama fatar da ta lulluɓe huhunta, irin wanda ƙurar asbestos take jawowa, saura kaɗan autarta Muhsinat ta ce masa ya sake duba takardun. Matar da tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa aikin kamfani ba, ina ta ga wata ƙura?

Likitan bai yi musu ba, sai ya tambayi aikin maigidan.

Muhsinat ta ce ɗan kago ne, ofishinsa na unguwar Khabaisi a nan Dubai, ’yan kasuwar Kano yake tura wa kaya. Ya ce kafin wannan fa? Sai ta tuna. Tun ba a haife ta ba, tun Alhaji Ɗalhatu bai san hanyar Dubai ba, ya yi wasu shekaru a wata ƙasar Turai mai ɗan karen sanyi, yana aiki a wurin gyaran jiragen ruwa. Aikinsa shi ne ya ɓamɓare tsohon farin abin da aka naɗe bututai da shi, wato asbestos, ya naɗa sabo. Da amaryarsa ya tafi, suka zauna a ɗaki ɗaya.

Likita ya ce, “Wa yake wanke masa kayan aiki?”

Muhsinat ta mayar da tambayar da Hausa. Hajiya Wasila ta dubi yatsunta, ta ce, “Ni ce.”

A tasi, a hanyarsu ta komawa gida a unguwar Karama, uwar ta riƙe hannun ’yarta har sai da ta ji zafi.

“Kada Abbanki ya ji wannan.”

“Mama, ai dole…”

“Ba wani dole. Ki ce masa ciwo ne daga Allah, kuma ba ki yi ƙarya ba. Mutumin da in na yi tuntuɓe sai ya wuni yana zagin dutsen, shi za a ce wa a rigarsa ya kawo min wannan? Kafin ni zai tafi. Khalas, na gama magana.”

Haka aka yi. Aka ce wa Alhaji ciwon daji ne, ya karɓa da hawaye da salati. Shi ya san asbestos na kama waɗanda suka yi aiki da shi, ya sha jin labari, har yana gode wa Allah da ya fita lafiya. Amma ko a mafarki bai taɓa haɗa abin da matarsa ba. Ya zama ɗan jinya na ƙin ƙari. Mutumin da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba, sai ga shi yana dama kunu, duk gudaji, yana tsaye a kanta sai ta sha. In tari ya taso mata, shi ne mai bubbuga mata baya. Muhsinat takan bar musu falon ta shige ɗaki, don ganinsu haka yana karya mata zuciya, ga kuma abin da ta ƙunsa a ciki ba damar faɗa.

Maganin farko bai karɓe ta ba. Likita ya ce akwai wani sabo da zai iya ƙara mata kwana da sauƙin numfashi, amma inshorar gidan ta ce ita dai nan ta tsaya. Muhsinat a kantin magani take aiki, ta san albashinta da cinikin Abba ko an haɗa ba za su kai ko’ina ba. Ta shiga bincike kamar mai neman ɗanta da ya ɓata, har ta gano gwamnatin waccan ƙasar tana biyan diyya ga waɗanda ƙurar wurin aiki ta sa wa wannan ciwo, har da iyalan da ƙurar ta iske a gida. Tsofaffin takardun aikin Abba suna cikin akwatin Mama, ta ɗauki hotonsu ta tura ba tare da ya sani ba. Aka amsa mata cewa saura abu ɗaya, wata jami’a za ta kira ta bidiyo ta ji yadda ƙurar ta kai ga marar lafiyar.

Da ta kawo wa uwar maganar, Hajiya Wasila ta juya fuska bango.

“Na ce miki a bar shi.”

“Mama, ba wanda zai kira Abba. Ke kaɗai za a tambaya. Ranar da zai je Warsan lodin kwantena za mu yi, kin san in ya je can sai magariba.”

“In kuɗin ya zo ki ce masa daga sama ya faɗo?”

“In ce wata ƙungiya ce ta taimaka. Don Allah, Mama. Ke kina tausayinsa, ni wa zai tausaya min? Ni ma fa uwa ɗaya gare ni.”

Wannan maganar ce ta karya ta. Hajiya Wasila ta ce to, amma da sharaɗin in dai har sai an taɓo shi, a fasa.

Ranar ta zo da zafin nan na Dubai da ko tagar gilashi ba a son taɓawa. Alhaji ya fita tun da safe yana ta waya da direban kwantena, yana yalla yalla, wai a yi sauri. Bayan azahar Muhsinat ta jingina uwar da matasai a falo, ta gyara mata mayafi, ta ɗora kwamfuta a kan tebur. Jami’ar ta bayyana, wata dattijuwa mai furfura da tabarau, tana magana da Turanci a hankali. Ta tambayi shekarun da suka zauna a can, da irin gidan, da ko akwai taga. Muhsinat tana fassarawa, Mama tana amsawa tana hutawa, don numfashin ba ya kai ta ƙarshen dogon zance.

Ba su ji buɗe ƙofa ba, na’urar sanyaya ɗaki ta cika falon da ƙara. Ashe kwantenar ba ta iso ba, an ɗage lodin, Alhaji kuwa ya ga ba amfanin zama a rana, ya biya ya sayo mata mangwaron da ta ce tana marmari. Ya shigo daidai lokacin da Muhsinat take cewa, “Tana tambaya, ke kike wanke wa Abba kayan aikinsa?”

Hajiya Wasila ta ɗaga ido ta gan shi tsaye da leda a hannu. Ta mayar da idonta kan kwamfutar, ta ce da ƙarfin da ta daɗe ba ta yi magana da shi ba, “A’a. Ban taɓa ba. Wurin wanki ake kaiwa.”

Alhaji ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi, irin ta mutumin da ya kama matarsa tana kunya a gaban baƙi.

“Kai, Hajiya! Ciwon har ya kai ga mantuwa? Wace ce wannan, likita ce?”

“Abba, tambayoyi ne kawai na asibiti, ka shiga ka huta…”

Ina, ya riga ya ajiye ledar, ya jawo kujera, ya leƙa fuskarsa gaban kwamfutar. Alhaji Ɗalhatu mutum ne da in aka zo yabon matarsa ba ya jiran a ba shi dama. Ya gyara murya ya kama Turancinsa na tashar jirgi.

Ya ce kada a saurare ta, kawaici ne irin na matan Hausawa. A garinsu, in ji shi, namiji wurin mai wanki yake kai kayansa, ko ya zauna ya wanke abinsa. Amma ita wannan tun satin farko ta ce ba wanda zai taɓa kayan mijinta. Kamfani ma yana da wurin wanki, ta hana shi kaiwa. Yakan dawo fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, kafin ya cire takalmi ta karɓi rigar. Sanyi ba ya bari a buɗe taga, sai ta kakkaɓe ta a cikin ɗakin, ta kakkaɓe, ta sake kakkaɓewa, har gashin girarta ya yi fari, yana tsokanarta da tsohuwa. Sannan ta share ƙasan da tsintsiya, ta durƙusa a banɗaki ta wanke da hannu. Kullum. Har da cikin babbansu tana yi.

“Alhaji,” in ji Hajiya Wasila. “Alhaji, ya isa.”

Muhsinat ta so ta rufe kwamfutar, amma ta bar ta a buɗe. Tana ji tana gani mahaifinta yana ba da shaidar da ta fi duk wadda ta yi fata, yana murmushi, jami’ar tana rubutawa ba ta ko ɗaga kai. Wani ɓangare na zuciyarta yana cewa ya ci gaba, kuma ta tsani kanta saboda haka.

Jami’ar ta ɗago. Ta ce ta gode ƙwarai, bayaninsa ya wadatar, ba ta jin za a sami matsala wajen amincewa da diyyar. Ta ce tana ba shi haƙuri, ta san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya faɗi wannan da bakinsa, kuma ya sani ba laifinsa ba ne, a lokacin ba a gaya wa ma’aikata ba.

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya tafi.

“Diyyar me?” ya tambaya da Hausa. Ya sake tambaya da Turanci.

Matar ta dubi Muhsinat, ta dube shi, ta gane ta yi ɓarna, amma ba ta da hanyar komawa. Ta gaya masa a gajarce. Muhsinat ta miƙa hannu ta kashe kiran.

Alhaji bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Ya zauna yana kallon baƙin gilashin kwamfutar. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Kun sani.”

“Abba, Mama ce ta ce…”

“Ni na hana ta,” in ji Hajiya Wasila. “Kuma ni na ce zan wanke, ba kai ka sa ni ba. Da za a mayar da ni can, da na sake…”

Tari ya yanke mata maganar, mai tsanani, ya naɗe ta gida biyu. Alhaji ya zabura kamar kullum, ya ɗaga hannu zai bubbuga mata baya. Sai hannun ya tsaya. Ya dubi hannun rigarsa, farar shadda wankakkiya mai guga, ba ko ɗigon datti a jikinta. Ya janye shi. Ya ja da baya, ya sake ja, har bayansa ya taɓa ƙofa, ya haɗe hannayensa a ƙirji kamar mai tsoron wani abu ya zubo daga jikinsa.

Muhsinat ce ta riƙe uwar har tarin ya lafa. Hajiya Wasila ta share bakinta, ta miƙa masa hannu.

“Zo ka zauna kusa da ni.”

Ya girgiza kai.

“Alhaji, zo mana.”

Bai motsa ba. Sai ta kira shi da abin da Muhsinat ba ta taɓa ji daga bakinta ba tun da ta yi wayo.

“Ɗalhatu.”

Ya zame a jikin ƙofar ya zauna a ƙasa, yana kallon hannunta a miƙe, ya kasa zuwa.