Kan Sarki a Cikin Baho

Ba don ya ga hanya Baba ya yarda a yi masa aikin ido ba. Hanya ƙafarsa ta san ta. Ya daɗe yana gane mutane da tarinsu da takun takalminsu, kuma duk wanda ya ce masa ya je asibiti sai ya ce ai yanar ido adon tsufa ce. Sai ranar da ya kasa karanta hatimin da ke kan wani ambulan, ko da gilashin ƙara girma, sannan ya ajiye gilashin ya ce min, "Auta, nemo mana likitan nan naku."

A unguwa ana cewa Baba mai tara kan sarki ne. Ba haka ba ne, amma ya gaji da gyara wa mutane. Tun yana koyar da labarin ƙasa a sakandare yake tara ambulan da katuna masu hoto waɗanda aka aika daga ƙananan gidajen waya na yankinmu. Abin da yake nema shi ne hatimi, baƙar da'irar nan da ma'aikacin gidan waya yake bugawa, rabi a kan kan sarki, rabi a kan takarda, mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Yawancin gidajen wayar an rufe su. Wasu ƙauyukan ma suna ƙarƙashin ruwa tun da aka gina madatsa, sunansu bai rage a ko'ina ba sai a ɗakin Baba, a cikin kwalayen takalmi. Kowane gari da kwalinsa, an jera su a kan kanta yadda suke jere a bakin kogi. Kan sarkin kuwa kusan duk iri ɗaya ne, wani ja mai hoton tsuntsu, mafi araha a zamaninsa, wanda talaka ke saya.

Da idon ya yi nisa, ni na zama mai karanta masa. Na gama jami'a, aiki bai samu ba, sai nake wuni a ɗakin. In ɗauko ambulan da ɗan hantsaki, in karanta, shi kuma ya musa.

"Sifili ne ko takwas?"

"Takwas ne, Baba."

"Ƙarya kike. A wannan shekarar ba a buɗe gidan wayar ba tukuna. Sake duba, 'yar boko."

Sau da yawa shi ke da gaskiya. Wani lokacin kuma ni ce, sai ya ce min tawadar ce ta zame.

A asibiti jininsa ya hau, likita ya ƙi taɓa idon sai ya sauka, don haka muka daɗe fiye da yadda aka ce mana. Ni nake jinyarsa. Yaya, babban ɗan Baba, wanda ya ɗauki nauyin aikin, ya zo daga birnin da yake aiki tare da matarsa, suka sauka a gida wurin Inna. Yakan leƙo mu da waya a kunne, ya ajiye ledar lemo, ya ce, "Baba, akwai abin da muke shirya maka, sai ka dawo."

"Allah ya sa ba mata ba ce, Injiniya," in ji Baba. "Ɗayar ma da ƙyar."

Ranar da za a sallame mu, da safe aka cire bandejin ido ɗayan da aka fara yi wa aiki. Baba ya ƙifta ido, ya daɗe yana kallona.

"Ashe haka kika ɗebo uwarki? Allah ya ba mijinki haƙuri."

Daga nan bai bar komai ba. Ya karanta kalandar bango, ya karanta rubutun kwalbar magani, ya karanta sunan da ke ƙirjin nas har ta ce zai sa ta kunya. Sannan ya aike ni gida in ɗauko masa riga mai tsabta, ya ce ba zai koma wurin kwalayensa da warin asibiti ba.

Ina shiga tsakar gida na ga bahon wankin Inna cike da ruwa mai launin jan shayi, wasu 'yan takardu suna yawo a sama. An shimfiɗa tawul a kan tabarma, an jera kan sarki a kife suna shan iska. Anti, matar Yaya, tana durƙushe da dutsen guga tana danna wasu a ƙarƙashin ƙyalle.

"Auta, kin tona mana asiri," in ji ta tana dariya. "Rufe idonki ki wuce."

Ban wuce ba. Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. An yi fenti, an sa labule, an kawo sabuwar kujera. Kantar tana nan, an goge ta tana ƙyalli, babu kwali ko ɗaya a kai.

"Anti, ina ambulan ɗin?"

"Tsofaffin takardun nan? Da kin ga kyankyasan da suka fito daga ciki, wani har da jikokinsa. Mai shara ya kwashe jiya. Wannan ne ragowar."

Ta nuna min bokiti a gindin famfo. Abin da ke ciki ya jiƙe ya dame, ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Yaya ya fito daga falo da wani babban littafi mai bangon fata a hannu, ya buɗe min shi a hankali kamar jariri. Shafin tsuntsaye, shafin furanni, shafin jiragen ruwa, shafin kawunan mutane. Kowanne a cikin aljihun leda, a miƙe, a tsabtace.

"Sai da na duba a waya yadda masana suke yi," ya ce. "Ba yagewa ake yi ba, jiƙawa ake yi. Kin ga ko ɗaya bai yage ba. Amma Baba akwai tara shirgi. Jan tsuntsun nan kaɗai ya cika kwano. Sai muka zaɓi wanda tawada ba ta ɓata shi ba, muka zubar da sauran."

"Katunan fa?"

Ya nuna bangon falo da haɓa. An manna su da gam a kan katako, hotunan suna waje, an rufe da gilashi. Tsohuwar gada, tashar jirgi, kasuwar bakin kogi. Bayansu, inda hatimin yake, ya zama ɗaya da katakon.

Ni ba mai magana ba ce a gaban Yaya. Tazarar da ke tsakaninmu ta kai ya haife ni. Amma na ce, "Yaya, hatimin yake tarawa. Ba kan sarkin ba."

"Wane hatimi?"

Na sa hannu a bokitin na laluɓo wani yanki da bai gama narkewa ba. Akwai rabin baƙar da'ira a kai, da haruffa biyu ko uku. Kafin in ɗago shi zuwa fuskarsa ya rabe a yatsuna.

Yaya ba daƙiƙi ba ne. Na ga lokacin da ya gane. Ya kalli bahon, ya kalli littafin. Sai abin ya juye ya zama faɗa.

"To me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa? Mutum ya yi ta tara abu kamar ɓera, ba ya yi wa kowa bayani. Inna, kin san da wannan?"

Inna tana bakin kicin tana ɗauraye kofuna. Ba ta ɗago ba.

"Ni me na sani? Ɗakin da ba a taɓa barina na shiga da tsintsiya ba. Kun ce za ku gyara, na ce Allah ya yi albarka."

Ta ci gaba da ɗauraye kofin da ya riga ya fita. Inna ta san sunan kowane kwali. Tun kafin a haife ni take jin su ta bango.

Anti ta kashe dutsen guga ta zauna a ƙasa. "Ni wallahi bayana har ciwo yake," ta ce, ba da kowa ba.

A mota Yaya ya ce, "Kada ki faɗa masa. Mutum mai hawan jini ne. Bari ya ga littafin tukuna. Wa ya sani, ko ya fi son sa haka."

Na juya ina kallon titi, ya ɗauka na yarda.

Da muka isa, Yaya ya tafi layin karɓar magani. Baba yana zaune a bakin gado, ya sa rigar, yana duba ɗinkin hannunta kamar yau ya fara ganinta. Na zauna kusa da shi. Na ga gara ya ji a nan, inda likita yake kusa.

"Baba, an gyara ɗakinka."

"Ya kamata. Ba su dai taɓa kantar ba?"

"Sun jiƙa ambulan ɗin a ruwa. Sun cire kan sarkin sun sa a littafi."

Hannunsa yana kan gwiwarsa, ban ga ya motsa ba.

"Duka?"

"Duka."

"Na ƙauyukan madatsa?"

"Har su."

"Katunan?"

"An manna su a katako."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin wani abu da ba zai saya ba. Sannan ya miƙo hannu, na ba shi baƙin tabaran da likita ya ce ya riƙa sawa a rana, ya sa shi a cikin ɗaki.

A hanya Yaya ya yi ta hira. Ya ce, "Baba, karanta mana wancan allon mu ga aikin likita."

"Hasken ya yi yawa, Injiniya."

Mun tarar an kwashe baho da bokiti, an share tsakar gida, sai jiƙaƙƙen wuri a gindin famfo. Anti ta sake kaya. Aka zaunar da Baba a sabuwar kujera a ɗakinsa, muka tsaya a kansa, Inna daga bakin ƙofa. Yaya ya durƙusa ya ɗora masa littafin a cinya. Ya kalle ni sau ɗaya, na kalli labule.

Baba ya cire tabarau. Ya buɗe shafin farko, ya bi shi da ido daga sama har ƙasa, ya juya. Bai tsallake ko ɗaya ba. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar leda. Da ya zo kan jan tsuntsun sai ya tsaya, ya kusanto da shi fuskarsa. Tas yake, sai ɗan gefen baƙi a kusurwa.

"Wannan kun zaɓo mai kyau," ya ce.

"Shi ya fi duka tsabta, Baba," in ji Anti.

"Da ruwan sanyi kuka jiƙa ko na zafi, 'yata?"

"Na zafi. Ya fi saurin saki."

"Shi ya sa jan ya ɗan koɗe. Ba komai. Kun sha aiki." Ya rufe littafin ya ɗora tafinsa a kai. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku masu yi muku."

Yaya ya ce amin da ƙarfi, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce yana da wani aboki da ke yawan fita waje, zai sa ya riƙa kawo wa Baba na ƙasashe daban-daban, akwai sauran shafuka da yawa a baya.

"A kai shi falo," in ji Baba, ya miƙa min littafin. "Baƙi su riƙa gani."

Ya kalli kantar sau ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, leɓunansa suna motsi kaɗan. Sannan ya ce yana son ya kwanta.

Washegari Yaya da Anti suka koma. A bakin mota Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Kin gani ko? Kin so ki ɗaga mana hankali a banza." Ya ce ya riga ya yi magana da likita kan ɗaya idon, za a kira mu idan lokaci ya yi, kada mu damu da komai.

Baba yana ɗiga maganinsa a kan lokaci. Yana cin abinci. Da hantsi yakan ɗauki kujera ya zauna a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, yana amsa gaisuwa da sunan kowa. Ni kuma na rasa inda zan wuni. Inna ta fara ajiye kwanukan da ba a amfani da su a kan kantar, da farko biyu, daga baya jeri guda. Bai hana ta ba.

Da aka kira daga asibiti, ni na ɗauka. Nas ɗin nan ce, ta tambayi mutuminta mai karatu, ta ce likita ya sa rana. Na fita na same shi a ƙofar gida.

"Baba, asibiti ne. Maganar ɗaya idon."

Bai karɓi wayar ba. Wani mai keke ya wuce ya gaishe shi, ya amsa, ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Ki ce musu mun gode," ya ce. "A ba wani mara lafiyar wurin. Wannan ɗayan ya ishe ni."

Nas tana ta cewa, "Kina ji na?" Na koma cikin zaure na gaya mata. Ta ce ko dai tsoro yake ji, ai wancan ya yi kyau. Na ce mata ƙwarai, ya yi kyau, yana gani sosai.